Ƴan biyoloji ku taimaka: ina son ɗalibaina su ga birus na canzawa da idonsu

Malamar_Biyoloji (Yamai)

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa in dace da wanda ya riga ni bin hanyar.

Ina koyar da ƴan L3 (shekara ta uku a jami'a) biyoloji a nan Yamai, cikin kur ɗina akwai babi guda kan yadda birus ke sauyawa, wato ebolusiyon ɗinsu. Shekara uku ke nan ina yin shi da allo da alli, sai projekter in an dace da wuta. Yaran nan wallahi suna da ƙoƙari, in na ce mi ne ne mitasiyon (canji a haruffan gado) za su kawo mini shi yadda na rubuta har da waƙafi, in na ce seleksiyon natirel (tacewar yanayi) ma haka. To bara a egzame sai na zana musu ɗan itacen dangantaka mai rassa takwas kawai, na ce su gaya mini wane birus ya fi kusanci da wane, kuma a wane reshe canji kaza ya fara. Fiye da rabin aji sunayen da ke maƙwabtaka a bakin takarda suka ɗauka a matsayin ƴan uwa, ba su bi reshe sun koma gindi sun ga inda aka rabu ba. Ranar da na gama gyaran takardun nan raina ya ɓaci ƙwarai, ba da su ba, don na gane hadda na ba su, fahimta ba ta shiga ba, kuma cikinsu akwai waɗanda gobe za su tsaya a laboratuwar asibiti ko su koyar a lise.

Na ji a wasu jami'o'i ana sa ɗalibai su ɗauko jenom na gaskiya, wato jerin haruffan gadon birus, ta intanet su jera su gina itacen da kansu, shi nake son in gwada a TP, wato darasin gwaji da hannu, na semestir mai zuwa. Ga halin da muke ciki: ɗalibai 74, TP uku kowane awa 2, masu ordinater ba su kai 20 ba sauran sai waya, koneksiyon kun san yadda yake, in Afrilu ya kama wutar ma ba tabbas. Ni kuma mikrobiyoloji na karanta, biyo-informatik ɗan abin da na tsinta ne a sitaj na sati biyu.

Da wane birus zan fara? Wane shafi ne zai yi aiki a irin namu yanayin? Abin da ya fi damuna kuma, yaya zan yi kada abin ya koma danne-dannen maɓalli, su ga zane mai launi ya fito su ji daɗi su tashi ba su gane komi ba? Allah ya saka da alheri.

Ɗan_Adar

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah shi ba da lada. Wanga aiki na yi shi da ƴan master kuma ina ganin L3 ma za su iya in an sassauta.

Abin da za shi fara kwantar miki da hankali shi ne jenom ɗin birus ba shi da nauyi ko kaɗan. Na SARS-CoV-2, birus ɗin korona, na farko da anka fiddo daga Wuhan cikin Janairu 2020 haruffa 29,903 ne, lambarshi a GenBank, rumbun jenom na intanet, MN908947. Harafi guda okte guda, ke nan fishiye ɗin kamar kilo 30 ne, jenom 20 ba su cika mega guda ba, ɗan bidiyon biki da ake turowa ta WhatsApp ya ninka su sau da yawa. Saboda haka kada ki ce mutum 74 su shiga GenBank lokaci guda cikin aji, nan TP ɗin zai mutu. Ke ki zauna da dare sa'ad da rezo ke da kyau ki zaɓo kamar 12 zuwa 15, na farkon 2020, sai baryan, wato nau'o'in korona, Alpha, Beta, Gamma, Delta, Omicron, kowane da ranar da anka ɗauke shi da ƙasarshi, ki adana su a fishiye irin na FASTA ki sa a kle ki kuma tura ta grup ɗin aji. Ki tsaya ga GenBank don na kowa ne. GISAID, wani rumbun, ya fi yawan sekans (jerin haruffan da anka karanta) amma sai kin yi rajista kuma kin yarda da sharaɗin ba za ki rarraba ma wasu ba, bai kamata mu koya ma yara karya alƙawari tun ranar farko ba.

Kuma kada ki zuba musu jenom duka a TP na farko. Ki yanko jen S, na ƙayar nan da birus ke kama sel da ita, daga wuri na 21,563 zuwa 25,384. Haruffa 3,822 ke nan. Ki ce su raba da 3, za su samu kodon 1,274, kowane haruffa uku, su ɗebe kodon na tsayawa saura 1,273, wanda shi ne yawan asid amine, tubalan furotin ɗin. Ɗan lissahin ga kaɗai shina sa su ji cewa abin da sunka hardace a L1 game da kodon gaskiya ne ba tatsuniya ba. Jerawa kuma da manhajar MEGA ko AliView, duka kyauta, in anka saka su a ordinater ba su buƙatar intanet, ki sa masu mashin su saka tun sati guda kahin ranar.

In sun jera, ki bar su su yi ta ja da ido har su ga inda launi ya saɓa, kada ki nuna musu. A wurin da ya yi daidai da 23,403 na jenom za su ga na Wuhan shina da A sauran kusan duka G. Kodon GAT ya koma GGT, aspartat ya koma glisin, shi ne D614G, canjin asid amine na 614, da anka yi ta magana, wanda kahin tsakiyar 2020 ya mamaye kusan duniya duka. Su buɗe tablo na kod jenetik su fassara da kansu. Sai ki kai su 23,063, A ya koma T, AAT ya koma TAT, shi ne N501Y. Nan ne daɗin yake, don canjin ga shina cikin Alpha da anka fara gani a Ingila, shina cikin Beta na Afirka ta Kudu, shina cikin Gamma na Brazil, alhali in sun gina itace za su ga rassa ne daban-daban, kowane shi kaɗai ya samo shi. Ki tambaye su: tunda su ukun suna da tabo guda, uwa ɗaya ta haife su? Su yi gardama. Wanda ya gane mi ya sa amsar a'a ce, ya gane seleksiyon, don canjin shina ƙara ma ƙayar ƙarhin riƙe ACE2, furotin ɗin bakin sel da take kamawa, duk reshen da ya faɗa kanshi sai ya samu gaba.

A TP na biyu ki ba su jenom cikakke ki nuna musu kishiyar haka. Wuri na 3,037 C ya koma T, bai canza asid amine ko guda ba, amma ya bazu ko'ina don kawai shina cikin jenom guda da D614G. Ni ce musu nake aparanti ma shina isa Agadas, ba don shi ke tuƙi ba, don shina cikin motar. Yara da yawa suna ɗauka duk canjin da ya yawaita to amfani gare shi, wanga misali shi ke warware musu.

Akwai wani ɗan aiki da ko mai waya ko mai takarda miliimetre zai iya: kowane sekans su ƙidaya bambancinshi da na Wuhan, su sa a tsaye, ranar ɗauka a kwance, su ɗiga. Za su ga ɗigon na hawa, kusan canji biyu kowane wata. Agogon molekil ke nan sun zana da hannunsu. In wani ya ce mi ya sa bai kai na grip ko na sida sauri ba alhali duka jenom ɗinsu na ARN ne, ki ce korona na da furotin nsp14 mai bin baya shina gyara kuskuren kwahi, su waɗancan ba su da shi.

Shafin Nextclade kuma ki aje shi ƙarshe. Cikin nabigater yake aiki, ka ja fishiye ka saka, ya fiddo maka duk mitasiyon da sunan reshe cikin ɗan lokaci, sekans ɗin ma ba su barin mashin ɗinka. Kayan aiki ne mai kyau ƙwarai amma in kinka fara da shi ya yi musu aikin duka, abin da kike tsoro shi za shi faru. Su sha wahala da ido tukuna, sannan su buɗe shi su duba ko sun yi daidai. Taswirar shafin Nextstrain mai motsi, mai nuna yaɗuwar birus, ita kam da nauyi, ki nuna ta da projekter ke kaɗai, ki kuma ɗauki hotunanta tun gida saboda ranar da babu rezo.

Etidiyan_L3

Salam. Malamai ku yi haƙuri in sa baki, ni ɗalibi ne, ba a ajin Malama nake ba amma halinmu guda.

Roƙona na farko maganar grup. In aka ce mutum huɗu ordinater guda, gaskiya mai mashin ne ke yin komi, sauran mu tsaya bayansa muna kallo, wani ma bai taɓa riƙe linzamin ba har a tashi, kuma yawanci ƴan mata ne da waɗanda suka zo daga ƙauye ke komawa baya. In da hali Malama ku sa doka kowane minti 20 a canza mai zama, kuma wanda za ku tambaya ya yi bayani kada ya zama mai mashin. Na biyu Ingilishi, mu da Faransanci muka yi karatu tun firamare, in na buɗe irin waɗannan shafuka rabin lokacina yana tafiya wajen neman ma'anar kalma, da za ku ba mu takarda guda mai kalmomi kamar 20 da fassararsu da ta taimaka sosai. Na uku forfe, kuɗin intanet na waya, don Allah duk abin da za a iya turowa tun kafin ranar a turo, wani da dala ɗari zai wuni.

Sannan akwai abin da ba a faɗa a gaban malami amma ana faɗa a ɗaki. Da an ce ebolusiyon wasu abokanmu sun rufe kunne, su ce karatun masu cewa biri ne kakan mutum, za su hardace don maki amma zuciyarsu ba ta ciki. Ban san yadda za ku yi da wannan ba amma yana nan.

Ni ma ina da tambaya ga yaya Ɗan_Adar. In mitasiyon kuskure ne da ke zuwa ɗaya bayan ɗaya, biyu kowane wata, yaya aka yi Omicron ya fito da canji fiye da 30 a ƙayar kaɗai lokaci guda? A unguwarmu har yau akwai masu cewa wannan shi ne shaidar haɗa shi aka yi, ni kuma ba ni da amsar da zan ba su.

Tsohon_Mushe

Ɗiyata Malama, Allah shi yi miki albarka da kinka damu da abin da ya shiga kan yara ba abin da ke kan takarda kaɗai ba. Ni SVT, kimiyyar rai da ƙasa, na koyar a lise shekara da shekaru har na yi ritaya, waɗanga na'urori ban iya su ba, amma ina da abu guda da zan ba ki wanda ba shi son wuta ba shi son rezo, kuma ina ganin shi ya kamata ya riga duk abin da ɗana Ɗan_Adar ya faɗi.

Duk malami ya san yadda ake kama masu kwahin debuwar. Ba daidai ɗin da sunka yi ke tona su ba, kowa na iya yin daidai, kuskuren da sunka yi tarayya a kai shi ke tona su. In yara biyar sun rubuta kalma guda a karkace iri guda, to daga kaye guda ta hito, in uku cikinsu sun ƙara wani kuskure na biyu da sauran biyun ba su da shi, ka san ukun nan daga hannu na biyu sunka ɗauka. Itacen da kike son su karanta wannan ne, ba wani abu ba.

To ki mayar da shi wasa. Ki rubuta jeri na haruffa 40, A da C da G da T a cakuɗe. Yara biyu su kwafa cikin gaggawa, ki ba su daƙiƙa kaɗan ƙwarai don hannu ya yi tuntuɓe, ba a yarda a goge ba. Kowace takarda wasu biyu su kwafa daga gare ta, ba daga ta asali ba, haka haka, 2 su zama 4, su zama 8, su zama 16. Ki rubuta ma kanki wa ya ɗauka wurin wa ki ɓoye. Sai ki tattara duk takardun tsakiya ki sa aljihu, ki manna 16 na ƙarshe a allo a hargitse ki ce su gano mini zuri'ar nan. Za ki ga aji ya kama da gardama, kuma da kansu za su gano cewa maƙwabtaka a allo ba komi ba ce, tarayya cikin kuskure ita ce dangantaka. In sun gama ki fiddo na aljihu su ga inda sunka dace da inda sunka ɓata. Ki gaya musu masu bincike kullum takardun ƙarshe kaɗai gare su, na tsakiya sun tahi da marasa lahiyar da ba a gwada ba.

In kina son seleksiyon ya shigo, ki sake zagaye na biyu da doka guda: duk takardar da haruffa ukun farko sunka lalace a yage ta, ba ta haihuwa. A ƙarshe za su ga farkon jerin tsab yake a duka takardu, sauran wurare cike da kuskure. Ki tambaye su, hannu ne ya daina kuskure a wurin nan? A'a, ya yi, masu shi ne ba su bar baya ba.

Wannan kuma shi ke kawo ni ga harshenmu mu malamai. Kada ki bari bakinki ya ce birus ya yi dabara, ko ya canza kanshi don ya tsere ma allura. Na sha faɗin haka don sauƙi, daga baya na ga ɓarnar da yake yi. Yaron da ya kwafa a karkace bai yi niyya ba. Kuskure na zuwa tukuna, yanayi ya zo ya tace.

Kai kuma ɗana ɗalibi, ka yi gaskiya kuma na gode da ka faɗa. Ni musulmi ne, ban taɓa jin abin da na koyar ya taɓa imanina ba, amma ban taɓa cin yaro da gardama a kai ba. Daga abin da ya sani nake kamawa. Mu da munka girma da maganin nibakin mun ga lokacin da kwaya kaɗan ke kwantar da zazzaɓin sauro, mun kuma ga lokacin da ta daina aiki har anka canza magani. Maganin bai lalace ba, ƙwayar cutar da ke jure mishi ce ta rage ta hayayyafa. Kakanka da ke ware zangarniyar hatsi mai kyau ya aje iri, shi ma tacewa yake. A fara daga nan, a sa yaro ya ƙidaya haruffa da hannunshi, sunan abin ya zo daga baya.

Likitan_Bisashe (Tawa)

Baba Mushe Allah shi ƙara girma, wasan takardar nan ni ma zan ɗauka in yi da ƴan sitaj ɗina.

Amma Malama ni ina da ja a wuri guda. Korona, korona, komi korona. Mu nan an tabbatar da mutum na farko ranar 19 ga Maris 2020 a Yamai, an rufe masallatai an yi dokar hana hita, amma ki tambayi ɗalibanki da gaske, da yawa cutar Turai sunka ɗauke ta, wasu ma ba su yarda akwai ta ba. In kina son abin ya taɓa su ki kawo musu wadda ta ci gidansu.

A 2016 zazzaɓin Rift ya ɓarke nan jihar Tawa, wajen Cintabaradan da Tasara da Abalak, daga watan Agusta. Bisashe na ta ɓari, ƴan tumaki da ƴan awaki na mutuwa, makiyaya da masu yanka da matan da ke tatsa sunka kamu, an rasa rayuka, Institut Pasteur na Dakar ya tabbatar da cutar, ga kuma taron Kur Sale na Ingal ya gabato cikin Satumba, hankalin kowa ya tashi don dubban bisashe za su haɗu wuri guda su watse. Duk ɗalibin da ya hito arewacin Tawa ko Agadas ya ji labarin nan a gida. Birus ɗin sauro ke ɗaukar shi, jinin bisa marar lahiya ma na ba da shi, an fara gane shi a Kenya wajen 1930. Ya yi ɓarna a Masar 1977, Muritaniya 1987, gabashin Afirka 1997 zuwa 1998, sai 2000 ya tsallaka teku ya bayyana a Saudiya da Yaman, kuma da anka karanta jenom ɗin na Saudiya sai anka ga ɗan uwan na gabashin Afirka ne na kusa. Ga darasin fataucin bisashe ga darasin itace, wuri guda.

Abin da korona ba zai koya musu da kyau ba kuma shi ne jenom mai gutsure. Na Rift kashi uku ne, L da M da S, duka kamar haruffa 12,000. Na grip kashi takwas. In iri biyu sunka haɗu cikin sel guda, ɗan da za shi hito na iya ɗaukar wani kashi nan wani can, kamar an zuba katin wasa biyu an sake rabawa. Sai ki sa grup guda su gina itacen kashi guda, wani grup na wani kashin, daga birus iri ɗaya, in itatuwan sun saɓa su nemo dalili. Haka grip H1N1 na 2009 ya samu, gutsuren na alade da na tsuntsu da na mutum.

Murar tsuntsaye ma tamu ce. Fabrairu 2006 anka ga H5N1 a wata gonar kaji jihar Kaduna, karon farko a Afirka, cikin watan nan kuma anka tabbatar da ita a Magarya. Kowa ya ɗauka shigowa guda ta yi ta bazu, amma da anka karanta sekans na Najeriya sai anka ga ta shigo fiye da sau guda ta hanyoyi daban. Irin amsar da jenom ke badawa ke nan wadda ido ba shi badawa, kuma ita ke gaya ma hukuma ko kasuwar kaji za ta tsare ko bakin tabki.

Ɗan_Adar

Dokter na yarda da kai, zuciyar yara can take. Abin da ya sa na ce korona ya fara, sekans ɗinshi cikakku ne, da ranaku, kuma canjin na hitowa sarai cikin shekara biyu. Na Rift a hankali yake sauyawa, da yawa cikin sekans ɗin da ke akwai guntaye ne, in anka fara da shi agogon nan ba za shi hito da kyau ba yara su rikice. A koyi hannu da korona, TP na uku a koma gida da Rift ko H5N1.

Ƙanena ɗalibi, tambayarka ita ce mai kyau. Omicron bai samu canje-canjen nan dare guda ba. In ka duba itacen za ka ga shina zaune kan reshe mai tsawo wanda ya rabu da sauran tun 2020, ba daga Delta ya hito ba. Ya daɗe shina tarawa inda ba a ɗaukar samfur, takardun tsakiya ne da Baba Mushe ya sa aljihu. Bayanin da masana sunka fi kawowa shi ne doguwar kamuwa cikin jikin mutumen da garkuwarshi ta yi rauni, don an bi irin marasa lahiyar nan wata da watanni an ga birus na tara canje-canje a ƙayar a jikinsu, wasu irin waɗanda anka gani a baryan ɗin. Kuma ka gaya ma ƴan unguwarku ƴan Afirka ne sunka gano shi, Sikhulile Moyo a Botswana da su Tulio de Oliveira a Afirka ta Kudu, an sanar da OMS, hukumar lahiya ta duniya, ranar 24 ga Nuwamba 2021, ranar 26 anka ba shi suna, sakayyar da sunka samu ita ce ƙasashe sunka rufe musu hanyar jirgi. Inda anka fara ganin birus ba lalle nan ya samo asali ba, nan ne mai fitila yake.

Malama wanga batu ki ba shi lokaci, don in sun buɗe Nextstrain za su ga Ingila da Amurka cike da ɗigo, Nijar ƴan ƙalilan, wani zai ce ai mu ba ta shigo ba. Ki tambaye su taswirar cuta ce wannan ko taswirar masu na'urar karanta jenom. Ki kuma gaya musu jenom na farko na korona a Afirka a Ede ta Najeriya anka karanta shi, Maris 2020, a cibiyar su Christian Happi, kuma ga cibiyar bincike ta CERMES nan cikin Yamai da ke bin grip da sauran cututtuka, ki rubuta musu takarda ko za a samu mai zuwa ya yi ma yara magana ko da rabin awa ne.

Malamar_Biyoloji (Yamai)

Kai jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Tun jiya nake karantawa ina rubutawa a kaye.

Baba, wasan takarda zan yi shi cikin kur ɗin kansa sati guda kafin TP, aji biyu zan raba su kowane da jerinsa. Kuma kun kama ni, na duba fishe ɗina na bara na ga na rubuta da hannuna cewa birus yana neman hanyar kauce wa garkuwa, na soke shi yau da safe.

Ɗan_Adar, daren jiya na ɗauko MN908947 na yanko jen S, na samu 3,822 cif, na je wurin D614G na ga GAT ɗin da idona, sai da na tashi tsaye. Inda na maƙale shi ne zaɓen sauran, wasu suna da dogon jerin N a tsakiya, in bar su ko in nemi wasu? Tunanina in bar guda ɗaya da gangan don su san yadda sekans marar kyau yake.

Ɗana ɗalibi, dokar minti 20 ta shiga, takardar kalmomi ma na fara, kuma komi zan turo tun ranar Lahadi. In kana da kalmomin da suka fi ba ka wahala ka rubuto mini su nan in ƙara.

Dokter, TP na uku naka ne. Grup 18 zan yi, rabi su ɗauki kashi M rabi kashi S. Don Allah ka taimaka mini da sunayen sekans na Rift da ka san suna da kashin duka biyu, ko goma ne, na Masar da Muritaniya da Kenya da Saudiya, ina son in gwada gina itacen ni kaɗai kafin hutu ya ƙare.

Ɗan_Adar

Ki bar guda mai N, sauran ki nemi masu tsabta. N na nuhin na'ura ba ta karanta wurin ba, ba canji ba ne, ki tabbata sun gane haka kahin su fara ƙidaya don kada su lissafa shi cikin bambanci. In kin haɗa 15 ɗin ki sa lambobinsu nan in duba miki ranakun.